Daga Gadon Gajiyayyu Zuwa Buta a Hannu: Tarihin Jinyar Shanyewar Ɓarin Jiki a Manchesta da Bamingham

A shekarar 1852 hukumar kula da matalauta ta birnin Bamingham ta buɗe wani katafaren gida a kan titin Western Road, can wajen unguwar Winson Green. Gidan gajiyayyu ne, inda ake kai wanda talauci ko tsufa ko cuta ta kayar, kuma ba shi da mai ɗaukar nauyinsa. Dokar matalauta ta 1834 ce ta yawaita irin waɗannan gidaje a Ingila, kuma da gangan aka tsananta zaman cikinsu don kada kowa ya yi marmarin shiga. Tun daga bakin ƙofa ake raba miji da mata, a raba uwa da 'ya'yanta, kowa a nufi ɓangarensa da shi. Mutanen gari suka laƙaba wa soron shigar suna Ƙofar Hawaye, kuma ya daɗe a tsaye har 'yan shekarun nan da aka rushe shi. Manchesta ma tana da nata: akwai na Withington da aka gina a 1855, akwai na Crumpsall, wanda harabarsa a yau take cikin babban asibitin arewacin birnin.

Tsohon da ɓarin jikinsa ya shanye a wancan zamani, idan danginsa ba masu hali ba ne, nan ne masaukinsa na ƙarshe. Za a kwantar da shi, a ba shi abinci a baki, a canza masa shimfiɗa. Ba wanda zai ce masa tashi, domin likitocin lokacin sun tafi a kan cewa ɓarin da ya mutu ya mutu ke nan. Da kwanciya ta yi tsawo sai gwiwa ta ƙage, yatsu su dunƙule cikin tafin hannu, baya ya yi gyambo, mutum ya daina magana tun da ba mai tanka masa.

Ni ma'aikacin gashi ne. A Zariya aka haife ni, a Kano na koyi aikin, na yi aiki a Bamingham, yanzu kuma ina cikin ayarin da ke bin masu shanyewar ɓarin jiki gida-gida a yankin Manchesta. Abin da ya sa na bi diddigin tarihin sana'ata a garuruwan nan biyu shi ne, ina shiga gidajen mutanenmu ina tarar da dattawan da ƙauna ta kwantar, kamar yadda rashin kula ya kwantar da na wancan zamani. Turawa sun shafe shekaru aru-aru kafin su gane cewa majinyacin nan shi ya kamata ya riƙe linzamin jinyarsa, sun yi gwaje-gwaje, wasu sun yi nasara wasu sun faɗi. Bai kamata mu sake bin doguwar hanyar ba alhali an riga an share ta.

Kafin a shiga tarihi, ga cutar a taƙaice. Ko da yake a hannu da ƙafa da baki ake ganin alamarta, tushenta yana cikin ƙwaƙwalwa: jijiyar jini ce take toshewa ko ta fashe, sai sashen da take shayarwa ya lalace. A Birtaniya kusan 85 cikin 100 toshewa ce. Ana samun wajen mutum 100,000 da cutar ke bugewa a kowace shekara, kuma waɗanda ke raye da tabonta sun kai miliyan 1.3. Rajistar da aka fara a kudancin Landan a 1995 ta nuna cewa baƙar fata sun ninka farare kusan sau biyu wajen kamuwa, kuma tana kama su da sauran ƙuruciya. A gida ma, babban binciken SIREN da aka gudanar a Najeriya da Gana, har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello, ya fito a 2018 da cewa hawan jini ne uban tafiyar.

Matar da ta ce a tashe su

Canjin ya faro ne daga hannun wata likita, Marjory Warren. A 1935 asibitin West Middlesex da take aiki, a yammacin Landan, ya karɓi ragamar gidan gajiyayyun da ke maƙwabtaka da shi, aka danƙa mata majinyata 714. Ta yi abin da ba a saba yi ba: ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta duba. Ta tarar an cakuɗa mai ruɗewar tsufa da mai karaya da mai shanyewar jiki da wanda ba abin da ke damunsa sai rashin wurin zuwa. Ta rarraba su, ta sa aka yi wa ɗakuna fenti mai haske, aka gyara gadaje yadda tsoho zai iya sauko da ƙafarsa ƙasa, aka mayar musu da tufafin yini maimakon rigar barci. Masu shanyewar ɓarin jiki ta sa aka riƙa tsayar da su ana koya musu taku. Mutanen da aka yanke wa ƙauna suka fara komawa gida da ƙafafunsu. Rubuce-rubucenta na 1943 da 1946 su ne harsashin fannin likitancin tsofaffi a Birtaniya. A 1947 wani likita, Richard Asher, ya ƙara da maƙalar da ta yi suna a kan haɗarin doguwar kwanciya a gado.

Ranar 5 ga Yuli 1948 ministan lafiya Aneurin Bevan ya zo asibitin Park da ke Davyhulme, a gefen Manchesta, ya ƙaddamar da hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, wadda ta mayar da magani kyauta ga kowa. Asibitin shi ne Trafford General na yanzu. Sabuwar hukumar ta gāji tsoffin gidajen gajiyayyu da dubban mutanen da ke kwance a ciki, dole ta san abin da za ta yi da su. A Bamingham Farfesa Arthur Thomson da abokan aikinsa suka shiga ɗakunan masu doguwar jinya, har da na Western Road, suka fitar da rahoto a 1949. Abin da suka gani shi ne da yawan mutanen ba sa buƙatar gadon asibiti, kwanciyar ce da kanta ta nakasa su. A Wolverhampton, maƙwabciyar Bamingham, Joseph Sheldon ya bi tsofaffi har gidajensu, ya wallafa sakamakon a 1948, inda ya nuna cewa iyalai ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin, galibi mata da 'ya'ya mata, kuma nauyin yana cin lafiyarsu.

Garuruwan biyu sun ci gaba da jan ragama. A 1970 Jami'ar Manchesta ta naɗa John Brocklehurst farfesan likitancin tsofaffi, na farko a Ingila, kuma a Withington, cikin harabar tsohon gidan gajiyayyun nan, ya kafa sashensa. Ya ba da ƙarfi ga asibitin yini, inda tsoho zai zo da safe a yi masa gashi ya koma ya kwana a ɗakinsa, ya kuma bincika halin da iyali ke shiga bayan an sallamo mai shanyewar jiki. A 1975 Jami'ar Bamingham ta ɗauko Bernard Isaacs daga Glasgow, inda ya riga ya gudanar da ɗaki na musamman don masu wannan cuta a asibitin Lightburn. Isaacs ne ya yi fice da zayyana ƙattai huɗu da ke kayar da tsoho: kasa motsi, yawan faɗuwa, kasa riƙe fitsari da bahaya, da ruɗewar tunani. Mai shanyewar ɓarin jiki yakan yi karo da duka huɗun a lokaci guda, kuma koyarwar Isaacs ita ce kowannensu yana da abin da za a yi masa, ba a naɗe hannu a ce tsufa ne.

An daɗe ana gardama ko keɓe musu ɗaki yana da amfani. A 1993 Peter Langhorne da abokansa suka tattara gwaje-gwaje 10 suka buga a mujallar Lancet, suka nuna cewa wanda aka kwantar a ɗakin da likita da nas da mai gashi da mai gyaran magana suke aiki tare ya fi tsira da rai. Daga nan gardama ta ƙare. A ƙarshen 2007 gwamnati ta fitar da tsarin ƙasa na yaƙi da cutar, a 2009 aka fara shelar nan ta talabijin mai koya wa jama'a su lura da karkacewar fuska, sanyin hannu da sarƙewar magana, su kira 999 nan take. Yankin Manchesta ya fara tattara jinyar gaggawa a 2010, ya kammala a 2015: duk wanda ake zaton cutar ta buge shi, motar asibiti za ta wuce da shi Salford Royal, ko Fairfield da ke Bury, ko Stepping Hill da ke Stockport, ko da akwai wani asibitin da ya fi kusa. Dalili shi ne allurar narkar da gudan jini tana da ƙayyadadden lokaci, kusan awa huɗu da rabi daga faruwar abin, kuma sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa an tabbatar ba fashewa ba ce.

Bayan sallama

Duk wannan nasara a cikin asibiti take. Amma asibiti kwanaki ne ko makonni, zaman gida kuwa shekaru ne. Tun daga gwaje-gwajen da aka yi a Landan da Newcastle a 1997 aka koma sallamar masu matsakaicin rauni da wuri, ma'aikata su bi su gida, aikin da nake yi ke nan. Wanda jikinsa ya fi tsanani a Bamingham akan wuce da shi wurare irin Moseley Hall, gidan da attajirin cakulan Richard Cadbury ya bayar a ƙarshen ƙarni na 19 don yara masu murmurewa, wanda yanzu ya zama asibitin farfaɗo da jiki. Ko ta wace hanya aka bi, ranar da za a ce ma'aikata sun gama zuwa tana nan tafe. Kuma ko a lokacin da muke zuwa, awa guda muke yi mu tafi. Sauran awa 23 na majinyaci ne da iyalinsa.

Waɗannan awoyin su ne ke yanke hukunci, saboda yadda ƙwaƙwalwa take farfaɗowa. Sashen da ya mutu ba ya dawowa, amma sassan da ke kewaye da shi suna iya koyon aikinsa idan aka yi ta maimaitawa. Kamar turbar ƙafa ce a gona da damina: in ana bin ta kullum sai ta fito fili, in aka bar ta ciyawa ta rufe. Hannun da aka daina nema ya yi aiki yakan ƙara mutuwa ko da akwai sauran ƙarfi a cikinsa. An fi samun saurin ci gaba a watanni ukun farko, amma ƙofa ba ta rufewa bayansu.

Wasu sun gane haka tun kafin masana su rubuta. A 1965 cutar ta buge tauraruwar fim Patricia Neal tana da shekara 39, tana ɗauke da ciki, ta rasa magana da tafiya. Mijinta, marubuci Roald Dahl, ya tsara maƙwabta da abokai a ƙauyen Great Missenden suna karɓa-karɓa, suna zama da ita awoyi a kullum suna sa ta magana da karatu. Ta koma fim a 1968. Ɗaya daga cikin maƙwabtan, Valerie Eaton Griffith, ta mayar da abin tsarin 'yan sa-kai, wanda ya shiga ƙarƙashin ƙungiyar da tun 1992 ake kira Stroke Association.

Ilimin abin kuma daga Jami'ar Stanford ta Amurka ya zo. Albert Bandura ya bayyana a 1977 cewa abin da ke sa mutum ya dage a kan aiki mai wuya shi ne amincewarsa cewa zai iya, kuma wannan amincewa tana ginuwa ne daga ƙananan nasarorin da ya samu da hannunsa da kuma ganin irinsa sun yi. Kate Lorig ta gina kwas na mako shida a kan wannan, wanda masu doguwar cuta ke koyar da 'yan'uwansu. Ingila ta ɗauko shi a 2002 da sunan shirin ƙwararren majinyaci.

A nan ne Manchesta da Bamingham suka yi wa duniya aikin da ya fi kowanne amfani a wurina, wato suka auna abin da gaskiya, suka kuma faɗi sakamakon ko da bai yi daɗi ba. Masu bincike na Jami'ar Manchesta, ƙarƙashin Anne Rogers da Anne Kennedy, sun gwada kwas ɗin suka ba da rahoto a 2007: ya ƙara wa mutane ƙarfin gwiwa da kuzari, amma bai rage zuwa asibiti ba. Suka sake wani gwajin a Salford, inda aka horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin unguwa su tallafa wa masu ciwon sukari da wasu cututtuka su kula da kansu. Sakamakon 2013 ya nuna babu wani bambanci, domin cikin cunkoson aiki ma'aikatan ba su mayar da abin al'adarsu ba. A Bamingham an fara wani shiri a 2006 mai suna OwnHealth, inda nas-nas ke kiran masu doguwar cuta ta waya suna ba su shawara. Da aka auna shi a 2013, bai rage kwanciya a asibiti ba.

Sai ga wanda ya yi nasara. Richard McManus da abokan aikinsa sun fara jerin gwaje-gwaje a Jami'ar Bamingham a kan hawan jini. A wanda aka buga a 2014 an ɗauki mutum 552 masu babban haɗari, cikinsu har da waɗanda suka taɓa samun shanyewar jiki. Aka ba rabinsu na'urar awon jini, aka koya musu aunawa da safe a mako guda na kowane wata, aka ba su jadawali mai launuka, kuma kowa ya zauna da likitansa tun farko suka rubuta matakin da zai ɗauka a kan maganinsa idan awon ya ci gaba da hawa. Bayan shekara, lambar sama ta awon jininsu ta yi ƙasa da ta sauran da kusan 9. Ga wanda ya san cutar, wannan tazara ce mai rage haɗarin bugu na biyu. Daga Bamingham ɗin ne kuma gwajin BAFTA na 2007 ya fito, wanda ya nuna a kan mutum 973 'yan shekara 75 zuwa sama masu rikicewar bugun zuciya cewa maganin tsinka jini na warfarin ya rage shanyewar jiki da kusan rabi idan aka kwatanta da asfirin. Kafin nan likitoci suna ɗari-ɗarin ba tsofaffi shi.

Idan aka jera waɗannan sakamako, darasin a fili yake. Nasiha ta baki da takardar da aka miƙa wa mutum a bakin ƙofa ba sa canza komai. Abin da ke aiki shi ne a ba mutum takamaiman abin da zai yi da hannunsa, da hanyar da zai ga sakamakon da idonsa, da ƙwararren da ke tsaye a bayansa. A kan wannan tunani Fiona Jones, ma'aikaciyar gashi a Landan, ta gina shirin Bridges, wanda ke horar da mu ma'aikata mu rage ba da umarni mu ƙara tambaya. A Niyu Zilan ma, Matire Harwood da Harry McNaughton sun gwada zama guda a gida da masu shanyewar jiki daga al'ummar Mawori da mutanen tsibiran Fasifik, ana taimaka wa mutum ya faɗi wane ne shi da abin da yake so ya koma yi, kuma bayan shekara aka ga sun fi sauran dogaro da kai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A gidajenmu

Wani dattijo mutumin Katsina, wanda karatu ya kawo Ingila tun yana saurayi har ya yi jikoki a nan, na same shi a falon gidansa an sauko masa da gado daga bene. Gidajen jeri na unguwanni irin Longsight da Cheetham Hill matakalarsu a miƙe take kuma matsattsiya, banɗaki kuma galibi a sama yake. Ɓarin hagunsa ne ya taɓu. 'Yarsa ta ɗauki hutu daga aiki, matarsa ba ta matsawa daga gefensa. In ya kai hannu ga kofi an riga shi, in ya yunƙura an danna kafaɗarsa ana cewa sannu. Takardar da aka ba ni ta ce a koya masa tashi daga zaune da taku da sanda. Ya yi mini biyayya, amma ina gani zuciyarsa ba ta wurin.

Na ajiye takardar na ce, "Baba, in da za a ce ka zaɓi abu guda da kake so ka koma yi da kanka, me za ka zaɓa?"

Ya daɗe bai amsa ba, sannan ya ce, "Ɗana, ni dai in yi tsarki in yi alwala ba wanda ya riƙe mini buta. 'Yar cikina ce ke kai ni bayi. Wannan ya fi mini ciwon zafi."

Daga ranar aikinmu ya koma kan alwala. Abokiyar aikina mai koyar da ayyukan yau da kullum ta sa aka kawo doguwar kujera mai tudu aka ajiye gaban wurin wanke hannu na kicin, aka kafa ƙarfen dafawa a bango. Muka rarraba alwalar gaɓa-gaɓa. Wanke fuska da hannun dama ba wuya. Wanke hannun daman kansa shi ne aiki, tun da hagun ne ya kamata ya cuɗa shi, sai muka mayar da wannan atisayen hannun da ya raunana: ya ɗora tafin hagu a kan damtsen dama ya ja shi zuwa gwiwar hannu, ko da yatsun ba su buɗe duka ba. Wanke ƙafa yana buƙatar ya sunkuya ba tare da ya kife ba, wannan kuma shi ne atisayen daidaita zama da takardar ke nema tun farko. Abin da na fi so shi ne alwala ba ta jiran zuwana. Sau biyar take zuwa a yini, ran aiki da ran hutu.

'Yarsa ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, "Malam, yaya za a yi ina tsaye ina kallon Baba yana fama, ruwa na zuba a rigarsa? Ai sai a ce ba mu da tarbiyya." Na ce mata tsayuwar da za ta yi kusa da shi, hannunta a shirye amma ba ta taɓa butar ba, ita ce hidimar da ya fi buƙata yanzu, kuma ta fi ɗaukar butar wuya. Ta yi haƙuri ta jure. Da tafiya ta yi tafiya ya koma hawa bene da dafa ƙarfe, ya kuma sa wa kansa buri na gaba ba tare da na tambaye shi ba: sallar Juma'a a masallaci, ko da a kan kujera ne.

Wata Hajiya kuma a Bamingham, ɓarin damanta ne ya shanye, har ta fara ramewa. An gwada haɗiyarta lafiya lau. Ashe kunyar cin abinci da hagu take ji, ba ta kuma son surukarta ta ba ta a baki, sai ta riƙa cewa ta ƙoshi. Ɗanta ya kira wani malami da take girmamawa ya yi mata bayanin hukuncin lalura, cewa wanda ba shi da iko da damansa babu laifi a kansa. Aka samo mata faranti mai baki da tabarmar roba da ke hana shi zamewa, ta koma cin tuwonta da kanta. Babu takardar asibiti da za ta gano wannan matsala in ba an zauna an tambaye ta da harshen da take mafarki da shi ba.

Al'adarmu ta dubiya ma tana da gyara. Makon farko gida ya cika maƙil, kowa na cewa Allah ya ƙara sauƙi, ana tambayar matar gida ya mai jiki alhali ga shi a zaune yana ji. Bayan wata guda sai ƙafa ta ɗauke. Wani gwaji da Audrey Bowen ta jagoranta a Jami'ar Manchesta, aka buga a 2012, ya kwatanta masu sarƙewar magana da ƙwararru suka yi wa aiki a watannin farko da waɗanda aka tura wa mai ziyara kawai yana zama da su a kai a kai, kuma ba a ga bambanci a sakamakon ba. Wannan bai soke aikin masu gyaran magana ba, don wasu binciken sun tabbatar da amfaninsa, kuma su ne ke duba haɗiya. Abin da ya nuna shi ne darajar mutumin da zai riƙa zuwa ba fashi, ya fuskanci majinyacin, ya jira shi ya lalubo kalmarsa ba tare da ya ƙarasa masa ba.

Kada kuma a fahimci kula da kai a matsayin a sakar wa iyali kaya. An gwada haka a Indiya: aka ɗauki majinyata 1,250, aka horar da dangin rabinsu su yi gashin a gida, sakamakon 2017 ya nuna bai rage nakasa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi ya sa nake roƙon mutanenmu na nan su san haƙƙinsu su nema. Tafinta kyauta ne a NHS, kada a bar jika ɗan makaranta yana fassara maganar fitsari da bahaya tsakanin kakansa da nas. Akwai bitar wata shida bayan sallama, wadda masana a Manchesta suka tsara mata jerin tambayoyi mai suna GM-SAT, da ya taɓo magani da gajiya da baƙin ciki da kuɗi da tuƙin mota har da zaman aure. Dokar kula ta 2014 ta ba mai jinya damar a duba nasa buƙatun. Ƙa'idar da hukumar NICE ta fitar a 2023 ta ɗaga mizanin gashi daga minti 45 zuwa aƙalla awa uku a yini, kwana biyar a mako, ga wanda zai iya ɗauka. Ƙarancin ma'aikata ya sa ba ko'ina ake cika wannan ba, amma wanda ya san mizanin ya fi iya tambaya.

'Yan'uwa na gida, a Kano da Katsina da Maraɗi, ba su da motar 999 ko ayarin da zai biyo su gida, amma mafi yawan abin da tarihin nan ya koyar ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. In baki ya karkace ko hannu ya saki, a nufi asibiti a take, addu'a da tofi ba sa hana tafiya, a yi su a cikin mota. Kada a ɗura wa wanda bai iya haɗiya ba ruwa ko rubutu, yana iya wucewa huhu. Kada a ja shi ta hannun da ya shanye, kafaɗar tana gocewa. Maganin hawan jini ba a ajiye shi don an ji sauƙi. Na'urar awon jini guda tana isar gida guda.

Mu kuma mazauna Manchesta da Bamingham muna da abin da masu binciken nan suka yi ta nema ba su samu cikin sauƙi ba, wato jama'a da ke haɗuwa kowane mako ba sai an gayyace su ba. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 30 cikin 100 na mutanen Bamingham Musulmi ne, a Manchesta kuma sun haura kashi 20. Masallatanmu da majami'un 'yan'uwanmu Kirista da ƙungiyoyinmu na 'yan Arewa za su iya ajiye na'urar awon jini a ranar taro, su gyara wurin alwala ya karɓi mai sanda da mai keken guragu, su tsara masu ziyara da za su ɗore bayan makon farko, su kuma haɗa wanda cutar ta buga jiya da wanda ta buga shekarun baya ya miƙe. Muna da likitoci da nas-nas da masu gashi Hausawa a asibitocin garuruwan nan da za su iya naɗar bayanin atisaye da Hausa a tura ta waya, ya amfani na Moss Side ya kuma amfani na Fagge. Wannan aiki ne da ba sai mun jira gwamnati ba, kuma ya kamata shugabannin ƙungiyoyinmu su sa shi cikin ajandar taronsu na gaba.